Sunan da Ya Hau Ɗakin Tudu

A kwarinmu, duk ranar da sunanka ya hau kan fili ko gini, to an gama da kai. Muddin kana nan kana riƙe da wuri, sai a ce filin bakin rafi, ko ɗakin shanun bayan coci. Amma da an kai ka makwanci, ko ka shiga jirgi ka yi tafiyar da kowa ya san babu dawowa, sai bakin mutane ya juya da kansa. Ba taro ake yi ba, ba mai ba da izini. Akwai makiyayar Peacock, ni ban taɓa ganin Peacock ba, uwata ma ba ta gan shi ba. Akwai gadar Nanny Raw, wadda aka ce ta bi ɗanta Kanada tun kafin a kawo mana lantarki. Shi ya sa na yi shekaru ina faɗa da rabin kwarin nan a kan wani tsohon ɗakin shanu na dutse da ke can saman gonarmu, wanda tun ina yarinya Ɗakin Tudu ake ce masa.

Sunana Olive. A gidan Calvert aka haife ni, kuma babana Matt bai taɓa bari mun manta ba. In ya ɗan taɓa giya ranar kasuwa, sai ya zaunar da mu ya ce ma'anar sunan a tsohon harshe ita ce makiyayin maruƙa. Wai na farkonmu wani bawan Allah ne da ba shi da ko tunkiya, maruƙan wani yake bi a kan tuddan nan, har aikin ya zame masa suna, sunan kuma ya bi 'ya'yansa. Wasu gidajen da kakan da ya je yaƙi suke taƙama. Mu namu kashin maraƙi ya kwasa, amma babana ya fi su duka ɗaga hanci.

A lokacin masu sunan sun yi yawa a kwarin, har sai ka ce Matt na Will na Kit kafin a gane wa kake nufi. Sai dai reshenmu a kan 'ya'ya mata uku ya tsaya. Ranar aurena na shiga coci ina Calvert, na fito ina Sunter, kamar an karɓi rigar sanyina a bakin ƙofa ba a mayar mini ba. Babana ya yi rawa ranar, ya sha, ya yi dariya, amma na ga yadda ya kawar da kai lokacin da aka fara ce mini matar Sunter.

To amma muna da hanyar ramawa. In ɗan fari namiji ne, ana iya ba shi sunan gidan uwarsa ya zama sunansa na kira. Da na haihu na gaya wa mijina Wilf abin da za a sa wa yaro, sai ya sosa ƙeya ya ce Calvert Sunter ai kamar allon ofishin lauyoyi ne, yaro da sunan gida har biyu ba shi da na kansa ko ɗaya. Na ce masa ranar da ya yi naƙuda sai ya zaɓi wanda yake so. Babana ne ya riƙe jaririn ranar baftisma, kuma bai ƙara ganin wata bazara ba bayan wannan.

Sunan kuwa ya bi yaron. Wilf mutumin tumaki ne, da su yake kwana da su yake tashi, amma Calvert tun yana rarrafe shanu ne idonsa. Da ya zama saurayi sai ya karɓi Ɗakin Tudu, wanda rufinsa ya fara zubewa, ya gyara shi da hannunsa, ya kai jajayen shanun da babana ya bari suna yin hunturu a can. Safe da yamma yake hawa, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara. In abinci ya nuna sai in tsaya a ƙofar kicin in ƙwala masa kira, tudun ya maido mini da sunan, can kuma in hango shi yana gangarowa da bokiti. Ban san daɗin abin ba a lokacin. Mita ma nake yi cewa maƙogwarona zai tsage saboda yaro ɗaya.

Sai motar da ke ɗaukar madara ta daina hawowa ƙarshen kwarin. Wilf ya ce shanu sun zama wahala, a sayar a ƙara tumaki. Calvert ya ce shi zai riƙa sauke madarar da kansa har bakin babbar hanya. Suka yi ta ja a kan teburin cin abinci, kowa da taurin kansa, don a nan kam ɗan bai bar uban ba. Da kaka ta yi, Calvert ya tafi birni bikin abokinsa, ni kuma ina coci ina jera furanni na bikin girbi. Da na dawo sai sawun babbar mota na tarar a tsakar gida.

Calvert ya dawo ya hau tudu, ya tarar da sarƙoƙi suna reto a turaku babu ko saniya ɗaya. Na zaci za a yi tashin hankali, har na kwashe tangaran masu kyau daga kan tebur. Ina ma an yi. Ya sauko ya wanke hannu, ya ci abincinsa, ya ce mini an gode. Kafin Kirsimeti yana New Zealand, a wata babbar gona, yana tatsar shanun wani kamar dai kakansa na farko.

Yana kira ranar Lahadi da safe, ba kowace ba. Da wayar ta yi ƙara sai Wilf ya ɗauki hularsa ya ce bari ya duba karnuka. Tun ranar da yaron ya tafi sunansa bai sake fita daga bakin Wilf ba. In dole ta kama sai ya ce yaronki, ko na can. Ni kuma in riƙe waya in yi ta zuba, labarin wanda ya mutu, wanda ya yi aure, farashin ulu, komai dai ban da tambayar da ke cina. Na san in na tambaye shi yaushe zai dawo zai ba ni amsa, kuma amsar nake tsoro.

Bessie Pedley mai kanti ce ta fara. Tare muka yi makaranta, kuma tun a can bakinta ba shi da murfi. Wata rana tana auna mini sukari sai ta ce mijinta ya ga wata tunkiyarmu ta maƙale a katanga kusa da ɗakin Calvert.

Na ce, "Ɗakin wa?"

Ta ce, "Haba Olive, kin san inda nake nufi."

"Ban sani ba. Ni dai na san Ɗakin Tudu. Ɗana yana nan da ransa, jiya-jiyan nan na ji muryarsa. In kina neman wanda za ki binne, ga mijinki can da tarinsa."

Ta yi tsuru-tsuru, ta ce ba da wata manufa ta faɗa ba. Na san ba da manufa ba ne, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Da gangan ta yi da sai in ce sharrin Bessie ne. Amma bakinta ne ya juya da kansa, kamar yadda ya juya wa Peacock da Nanny Raw.

Daga nan na ɗaura ɗamara. Mai kawo wasiƙu ya faɗa, na gyara masa. Likitan dabbobi ya faɗa, na wanke shi tas a gaban yaransa. Har fasto sai da na tare shi a ƙofar coci. Aka fara tsokanata da shi: samari in sun hango ni a kasuwa sai ɗaya ya ɗaga murya ya tambayi ɗan'uwansa hanyar ɗakin, sannan ya yi shiru ya kalle ni, su tuntsire da dariya. Ban damu ba. Ni a ganina muddin ginin nan Ɗakin Tudu ne, to Calvert tafiya ya yi, kuma mai tafiya yana dawowa.

Abin haushi, sunan yana ko'ina, sai dai ba inda nake so ba. Akwai mai sayar da tayoyi a gari da ya rubuta shi ɓaro-ɓaro a jikin motarsa, in ta wuce sai in bi ta da ido har ta sha kwana. Yana jikin duwatsun maƙabarta, yana jikin allon waɗanda suka mutu a yaƙi. Wata bazara ma wani dattijo Ba'amurke ya ƙwanƙwasa mana ƙofa yana neman kaburburan kakanninsa, da wandonsa mai zane-zane kamar labule. Ya ce shi ma sunansa na kira Calvert, daga wajen kakarsa ya samo shi, kuma wai a ƙasarsu har gunduma guda akwai mai wannan suna. Ni da ba na son baƙi, sai ga ni na shigar da shi kicin na dafa shayi.

"A ƙara shayi, Calvert? Ga burodi, Calvert. Ɗanɗana cukun nan, Calvert, a nan ake yin sa."

Bawan Allah ya ci har ya kasa numfashi, ya tafi yana cewa bai taɓa ganin mutane masu karamci irinmu ba. Ni kuwa na tsaya wajen wanke kofuna na yi kuka mai isata. Ba shi na ciyar ba, bakina ne ya yi shekaru yana yunwar sunan. Wilf yana zaune a gefen murhu duk tsawon lokacin, ya sa jarida a fuska, bai juya shafi ko ɗaya ba.

A bazarar da ta biyo baya, lokacin haihuwar tumaki, muna karyawa sai Wilf ya ajiye kofi ya ce zai kai masu tagwaye ɗakin Calvert, can ya fi ɗumi. Haka kawai ya faɗa, yana kallon taga. Sai na ji kamar an watsa mini ruwan rafi. Kowa na kwarin nan zai iya faɗa in yi faɗa da shi in huce, amma uban da ya haife shi? Wanda ya kore shi? Shekara da shekaru ya kasa furta sunan ɗansa, ranar da ya buɗe baki kuma sai don ya rufe shi da ƙasa.

Ban ce masa uffan ba, kuma a gidanmu shiruna ya fi masifata muni. Na daina sa masa sukari a shayi. Na bar safarsa da hujojinta. Shi kuwa ko a jikinsa, sai ma ƙara faɗa yake yi. Katangar ɗakin Calvert ta zube. An ga dila wajen ɗakin Calvert. Hadari ya haɗo ta kan ɗakin Calvert, a kwashe shanya. Ko abin bai shafi wurin ba sai ya san yadda ya jawo shi. Kuma kullum da hantsi sai ya ɗauki sanda ya hau, da gwiwoyin nan nasa da ke ƙara kamar tsohuwar ƙofa, alhali tumakin sun daɗe da komawa kan dutse. Na ce a raina mutumin nan gayya yake yi mini.

Ranar da abin ya ishe ni, lokacin yankan ciyawa ne. Abincin rana ya huce a kan tebur, babu Wilf. Na zuba shayi a gwangwani, ba don tausayi ba, don in sami abin riƙewa kada in shaƙe shi, na kama hanyar tudu. Tun tafiyar Calvert ban taka wurin ba. Ina hawa ina shirya maganganun da zan gaya masa, kuma na tanadi masu zafi.

Ƙofar ƙasa a buɗe take. Na zaci zan tarar da yanar gizo da kashin tsuntsaye, sai na ga daɓe a share, turaku a wanke, sarƙoƙin nan an shafe su da mai suna ƙyalli. A turken ƙarshe kuma ga wata 'yar maraƙa ja, mai farin tabo a goshi, tana tauna ciyawa tana kallona. Irin shanun babana ce sak. Ban san inda ya samo ta ba, don an daɗe da daina kiwon irinsu a wajenmu.

Na hau tsani zuwa saman da ake tara ciyawa. Akwai wata ƙaramar ƙofa a can da ake jefo ciyawa ta ciki, Wilf yana zaune a bakinta a kan kujerar tatsa, ya ba ni baya. Na zo daf da shi kafin in ga abin da yake kallo. Daga nan ana hango hanyar kwarin gaba ɗaya, har kwanar da motar haya ke ɓullowa daga gari. Ƙafafun kujerar sun yi rami a katako.

Duk da haka sai da na faɗi abin da ya kawo ni, don ni ba na haɗiye magana. Na ce, "Ka binne shi, Wilf. Kai da bakinka."

Bai juyo ba. Ya ce, "Ke sunan naki ne, tsohuwa. Da shi aka haife ki. Kina faɗa a waya, kin faɗa wa wancan mai wandon labule har sai da ya ƙoshi. Ni ta ina zan faɗe shi?"

Ya ci gaba da magana.

"Ni na kira motar da ta kwashe shanun nan. In na ce zan kira shi kai tsaye sai ya tsaya mini a nan." Ya taɓa maƙogwaronsa. "Amma in gini ne, yana fita."

Na tsaya da gwangwani a hannu kamar wata sokuwa. Wata da watanni ina hana mutumin nan sukari, ashe kewa ce ke cinsa, irin wadda ke cina, sai dai shi bai da ƙofar da zai fitar da tasa sai wannan. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa kuma bai sake ni ba. Na miƙa masa shayin. Ya kurɓa ya yamutsa fuska ya ce yau ma babu sukari, na ce ya sha haka nan. Muka zauna har motar haya ta ɓullo ta kwanar, ta sauke wata mata da kwando, ta juya.

Lahadin da wayar ta yi ƙara, Wilf ya miƙa hannu wajen hularsa kamar kullum. Na riga shi, na ɗauke ta na zauna a kai. Ya tsaya a bakin ƙofa, bai fita ba bai shigo ba. Na gaisa da yaron, na tambayi matarsa da 'yarsu da ban taɓa gani ba sai a hoto. Sannan na cije, na faɗi abin da na yi shekaru ina hana duniya faɗa.

"Babanka ya sa maraƙa a ɗakin Calvert."

Shi ma ɗan kwarin nan ne, ya san abin da hakan ke nufi.

Can ya ce, "Har an sa wa ɗakin sunana, Mama? Ai ban mutu ba."

"Na gaya musu. Na gaji da gaya musu. Ni kaɗai ba zan iya cire shi ba, sai mai shi ya zo ya tsaya a ciki a gan shi."

Na ji yana jan numfashi. Bai ce zai zo ba, bai ce ba zai zo ba. Sai ya tambaya, a hankali, wai wace irin maraƙa ce. Na buɗe baki zan amsa, sai na fasa. Na miƙa wayar wajen ƙofa iyakar tsawon igiyarta. Wilf ya kalle ta kamar za ta cije shi. Ya tako, bai karɓa ba, ya dai sunkuyo da kansa.

Ya ce, "Ja ce. Irin na kakanka." Sai ya sake cewa, "Ja ce, Calvert."

Daga nan ya fita duba karnuka babu hula, ya daɗe bai dawo ba.

Calvert bai zo a shekarar ba. Tafiyar da nisa, ga aiki, ga iyali, na sani, ba sai an gaya mini ba. Amma yanzu in ya kira sai ya ce a ba shi Baba, su yi ta maganar abin da maraƙar ke ci kamar babu wani zance a duniya. Ta zama karsana, an kai ta wajen bijimi, da bazara za ta haihu. Calvert ya ce kada a kuskura a sayar da abin da ta haifa sai ya gani da idonsa. Wilf ya maimaita mini maganar nan har na haddace ta, ni kuma na hana kaina tambayar wace bazara yake nufi.

Rannan a kanti Bessie ta sake suɓutar baki ta ce ɗakin Calvert, sai ta dafe baki tana jiran ruwan masifa. Na ce ta ƙara mini sukari, na gida ya kusa ƙarewa. Har yanzu ni Ɗakin Tudu nake cewa, kuma haka zan ci gaba da cewa. Amma in Wilf ya faɗi nasa ba na gyara masa.

Da hantsi in ya ɗauki sanda, sai in ɗauki gwangwanin shayi in bi bayansa. Na kai tawa kujerar can sama. Ƙofar ƙarama ce, sai mun matsu kafin mu biyu mu ga kwanar.